Makarantar garinmu: daga kaka zuwa jika



Kowace shekara, in watan Oktoba ya kama, ana buɗe lakwal. Ranar da ake rubuta sabbin yara, ku je bakin makaranta ku duba da kyau. Za ku ga uba ya zo da ɗansa. Za ku ga uwa da goyo ta jawo ɗiyarta. Za ku ga tsohuwa da sanda, jikanta na riƙe da bakin zanenta. Wani lokaci ma za ku ga mutum uku ƴan gida guda: tsoho, da ɗansa, da jikansa. Tsohon ya gudu daga lakwal yana yaro. Ɗan ya yi aji 4 ya bari. Jikan ne za a rubuta yau.

To, wannan makaranta ta wa ce? Mutane da yawa suna cewa ta gomnati ce. Gaskiya ne gomnati ke aiko malami, ita ke biyansa, ita ke tsara karatu. Amma malami ana canza shi. Darakta ma ana canza shi. Gidajen gari su ne ba a canzawa. Makaranta kamar gonar gandu take: kaka ya share, uba ya nome, jika ya gada. In gida ya sake ta, ciyawa za ta cinye ta.

Yau za mu duba yadda kakanni da uwaye da jikoki suka yi da lakwal. Sannan mu duba al'adun gida waɗanda ke riƙe da ita.

ZAMANIN DA AKE ƁOYE YARA

Lakwal ba da lallashi ta shigo ƙasarmu ba. Nasara suka zo da ita. Suna bukatar tafinta, da masu rubutu a ofis, da masu taimakon likita. Kumandan ya aika wa sarki a kawo yara kaza. Sarki ya aika wa mai gari. Dogari ya shigo gari ya tsaya ƙofar gida.

A lokacin akwai haraji, akwai ɗaukar soja, akwai aikin tilas, wanda ba a soke ba sai a shekara ta 1946. Don haka mutane suka sa lakwal cikin jerin waɗannan wahaloli. Aka ɓoye yara cikin rumbu. Aka tura wasu daji wajen dabbobi. Aka kai wasu nesa karatun allo. Masu hali da yawa suka ba da marayu ko ƴaƴan barorinsu, suka hana nasu. Tsoffinmu masu shekara 75 ko 80 sun ga ƙarshen wannan zamani, kuma a ƙauyuka da yawa ɓoyon yara ya ci gaba har bayan tafiyar Nasara.

Kada mu yi wa kakanninmu dariya. Suna da hujjarsu. In yaro ya tafi, gona ta rasa hannu. Karatun duk da faransanci ake yin sa, kuma ana horon yaro in ya yi magana da harshen uwarsa a cikin makaranta. Uwaye suna tsoron ɗansu ya bar salla, ya raina su, ya zama baƙo a gidansu.

Sai ga shi cikin yaran da aka kai lakwal a wancan zamani aka samu shugabannin ƙasa. Bubu Hama an haife shi a Foneko, ƙasar Tera, a shekara ta 1906. Ya yi karatu a Tera, da Dori, da Wagadugu, har ƙasar Senegal. A 1929 ya zama malamin lakwal, na farko cikin ƴan Nijar. Daga baya ya shugabanci majalisar dokoki har 1974. Jori Hamani, shugaban ƙasarmu na farko, shi ma malamin makaranta ne. Abin lura shi ne, Bubu Hama bai yar da ilimin gida ba. Ya bi tsoffi yana tambaya, ya rubuta littattafai da yawa na tarihi da tatsuniyoyi.

Duk da haka, ranar da muka samu mulkin kai, 3 ga watan Agusta 1960, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai 5 cikin 100 ba.

ZAMANIN UWAYE

Bayan mulkin kai, lakwal ta fara shiga ƙauyuka. Mutane suka ga amfaninta da idonsu. Ɗan wane ya zama likita. Ɗan wane ya zama malamin gona. Wanda ya iya karatu ba a cutarsa wajen awon gyaɗa. Wasiƙa in ta zo, ba sai an kai ta wani gari a karanta ba, asirin gida ya tonu.

A shekara ta 1963 aka kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci. Magidancin da lakwal ta wuce shi ya samu wurin zama da fitila da dare yana koyon baƙaƙe da harshensa. Tun 1957 an buɗe madarasa a garin Sayi, inda ake haɗa larabci da faransanci. Irin waɗannan makarantu sun kwantar da hankalin uwaye masu tsoron addinin ƴaƴansu. A 1973 kuma aka buɗe wata makaranta ta gwaji a Damagaram, inda yaro ke fara karatu da Hausa kafin ya shiga faransanci. Zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, samariya ta yi gayya ta gina azuzuwa a garuruwa da dama.

Amma wannan zamani yana da nasa ciwo. Cikin shekarun 1990 albashi ya riƙa makara, yajin aiki ya yi yawa, har aka yi shekarun da karatu ya lalace ɗungum. Yara suka gama makaranta ba aiki. Wasu suka dawo gida, ba su zama ma'aikata ba, kuma sun ƙi hauya. Uwaye da yawa suka ce: "Ina amfanin wannan?" Waɗanda suka ga haka suna yara su ne magidantan yau. Shi ya sa wani ke kai ɗansa lakwal da hannu ɗaya, yana janye shi da ɗayan.

ZAMANIN JIKOKI

Yau ƙauyuka masu yawa suna da makaranta. Ba dogari ke zuwa ɗaukar yara ba. Sau da yawa ma mutanen gari ne ke zuwa roƙon a ba su malami. Yaro na shiga yana da shekara 6 ko 7, ya yi aji 6 a firamare. In ya wuce, ya yi shekara 4 a kwaleji, sannan shekara 3 a lise.

Yara sun yi yawa, azuzuwa da tebura da littattafai ba su isa ba. Don haka aka kafa kwamitin kula da makaranta, wanda muka fi sani da kojes. A cikinsa akwai wakilan uwaye maza, da wakiliyar uwaye mata, da malamai, da darakta. Daga shekara ta 2004, a jihar Tawa, da taimakon ƙasar Japan, aka fara zaɓen wakilan uwaye da ƙuri'ar asiri. Daga can abin ya bazu sauran jihohi. A taron gari ake shawarar abin da za a yi cikin shekara, a taron gari kuma ake faɗin abin da aka kashe.

Kojes sabon suna ne, amma aikinsa tsoho ne. Abin da yake nema gare mu duk muna da shi a al'adunmu. Ga biyar daga ciki.

1. HANNUN KAKA

A gidan Bahaushe, uwa da uba suna kunyar ɗan fari. Ba su faɗin sunansa. Ba su wasa da shi gaban mutane. In lokacin yaye ya yi, sau da yawa wajen kaka ake kai yaro, wani ma can yake girma. Tsakanin kaka da jika kuwa ba kunya. Akwai wasa. Tsohuwa na kiran jikanta namiji mijinta, tana kiran ta macen kishiyarta. Abin da yaro ba ya iya gaya wa ubansa, yana gaya wa kakarsa.

Wannan yana nufin a gidaje da yawa, kaka ke da maganar ƙarshe a kan yaro. In ta ce jikanta ba ya zuwa lakwal, da wuya uba ya ƙetare maganarta. In ta ce sai ya je, ba mai hana shi. Ita ke tashinsa da safe. Ita ke ajiye masa ɗumame ko fura. Ita ke sanin ranar da ya ɓuya bayan gari bai shiga aji ba.

Saboda haka, in za a yi taron makaranta, kada a kira magidanta kaɗai. A kira tsoffi, maza da mata. A saurari tsoronsu, a ba su amsa da ladabi.

Akwai kuma maganar suna. Yaro yana da sunan yanka, yana da sunan rana ko laƙabin da kaka ta sa masa. In uwa ta kawo ɗan fari, kunya na hana ta faɗin sunansa na gaskiya. Sai malami ya rubuta Ɗanladi ko Laraba, alhali wani suna ne a takardar haihuwa. Shekara 6 ba wanda ya lura. Ranar jarrabawa sai rigima ta tashi. Don haka ranar rubuta yaro, a tafi da takardar haihuwarsa, a tafi da wanda ba ya kunyar sunansa. A tabbata sunan yaro da sunan ubansa iri ɗaya ne a takardun biyu.

Da can, malami kan sa yaro ya ɗora hannu ta bisa kai ya taɓo kunnensa. In ya taɓo, ya isa shiga. Shi ya sa takardun tsoffinmu da yawa ke cewa an haife su "wajen shekara kaza". Jikokinmu bai kamata su gaji wannan ba. In an yi haihuwa, a sanar da hukuma da wuri, a karɓi takarda, a adana ta.

2. GAYYA

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da gayya muke noma gonar mara lafiya. Da gayya muke haƙa rijiya. Da gayya ne kuma ake tada rumfar makaranta bayan girbi: wannan ya kawo kara, wannan ya saƙa zana, wannan ya saro dirka, mata su ɗebo ruwa su dama fura.

Al'ada ce mai kyau, amma rumfar kara tana da haɗari guda biyu. Na farko, ba a samun kara sai an gama girbi, ruwan farko kuma na rushe ta. Yaran da ke cikinta suna fara karatu a makare, su gama da wuri. Na biyu shi ne gobara. A watan Afrilu na 2021, wuta ta kama azuzuwan kara a wata unguwa ta Yamai, wajen yara 20 suka rasu. A watan Nuwamba na wannan shekara, haka ta faru a Maraɗi, wajen yara 26 suka rasu, ƙanana ƴan shekara 5 da 6. Allah ya jiƙansu, ya ba uwayensu haƙuri.

Kada mu mance da su. In dole sai an yi rumfa, a bar rata mai faɗi tsakanin wannan da waccan. A yi ƙofa biyu. Kada a hura wuta ko a soya abinci kusa. A ajiye randar ruwa da tarin yashi. Ƙananan yara a sa su a aji na gini, manya su zauna a rumfa. Abin da ya fi duka shi ne gari ya yi gayyar tubali da rani, kowace shekara a tada aji guda na ƙasa.

3. RIƘO

Tun kaka da kakanni, Bahaushe na ba ɗan uwansa ɗa ya riƙa. Goggo na riƙon ɗiyar ɗan uwanta. Kawu na riƙon ɗan ƙanwarsa. Ɗa na kowa ne.

Wannan al'ada ita ce gadar da ɗan ƙauye ke bi ya isa kwaleji. Ba kowane ƙauye ke da kwaleji ba. Yaro mai shekara 12 ko 13 sai ya koma babban gari, ya zauna gidan dangi ko gidan abokin ubansa. A nan ne yara da yawa ke faɗuwa. Ba don kansu ya toshe ba. Yunwa ce, da rashin wurin kwana, da aikin gida mai yawa. Ɗiya mace ta fi shan wannan wahala: ita ce ɗibar ruwa, ita ce daka, ita ce talla, ba ta da lokacin buɗa littafi. Daga shekara ta 2021 an gina wasu gidajen kwanan ɗalibai mata, kamar na Kelle a jihar Damagaram, amma yawancin yaranmu har yanzu a hannun dangi suke.

Riƙo yana da ƙa'idarsa, kakanninmu sun san ta. Wanda ya ba da ɗa ba ya juya baya. Bayan girbi yana aika wa mai riƙo da hatsi, da wake, da kuka, da abin da ya sawwaƙa. Ranar kasuwa yana biyawa ya gaishe shi, ya ga ɗansa. Zumunci a ƙafa yake. Wanda ya karɓi ɗa kuma amana ya karɓa, ba bara ya samu ba.

Kai kuma ma'aikaci ko ɗan kasuwa da ke birni, tuna gidan da ya riƙe ka kana ɗalibi. Wannan bashi ne. Ba mai gidan za ka biya ba. Wani yaro na ƙauyenku za ka biya.

4. GIRMAMA MALAMI

Kafin lakwal ta zo muna da makarantar allo. Mun san yadda ake zama da malami. Ana kai masa kuɗin Laraba. Ana taya shi noma. In yaro ya kai wata sura ana yin sadaka. In ya sauke, dangi duka na taruwa a yi walima, kaka ta fi kowa murna.

Me ya sa ba mu yin haka da lakwal? Malamin lakwal, wanda muke kira mushe ko madam, sau da yawa baƙo ne. Ya baro garinsu, wani lokaci ya baro iyalinsa. In gari bai ba shi ɗaki ba, in ba mai gaishe shi, zai riƙa tafiya birni tun ranar Alhamis, ya dawo Talata. In gari ya karɓe shi kamar yadda ake karɓar baƙo, aka kira shi suna da biki, aka sa shi cikin shawara, zai ji kunyar barin yara. In kuwa duk da haka ya riƙa fashi, kojes ya zauna da shi da darakta, a yi magana a fili.

Makarantar allo da lakwal ba kishiyoyi ba ne. A garuruwa da yawa yara na karatun allo da asuba da dare, su je lakwal da rana. Liman da darakta su zauna su raba lokaci. In yaro ya ci jarrabawa, gida ya yi masa ko da ƴar sadakar masa ce. Ƙannensa na kallo.

5. HIRAR DARE

Gida shi ne makarantar farko. A tabarmar kaka yaro ke jin tatsuniya, da kacici-kacici, da karin magana. Wajen uba yake koyon sunan itatuwa, da irin ƙasar da ke son hatsi da wadda ke son dawa. Wajen uwa yake koyon gaisuwa da kunya. Yaron da ya saba sauraron labari daga farko har ƙarshe, ba ya wahalar sauraron malami.

Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, babban masani ne a kan amfani da hasken rana. Jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi. A shekara ta 1964 ya fitar da littafi a kan ilimi a Afirka. A ciki ya nuna darajar tarbiyyar gida, ya kuma nemi a koyar da yara da harsunansu. A shekara ta 2025 hukumomin ƙasarmu sun ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ke nan abin da kaka ta sani ba abin raini ba ne.

Makaranta na iya gayyatar tsohon da ya san tarihin gari ya zo ya ba yara labari: wa ya sari garin, daga ina aka zo, wace shekara aka yi yunwa, yaya aka tsira. Maƙeri da masaƙi da unguwarzoma duk malamai ne. In yaro ya ga kakansa tsaye gaban aji ana saurarensa, ba zai ƙara raina shi ba.

INDA IGIYA KE TSINKEWA

Akwai wurare uku da ya kamata mu yi hattara.

Na farko, aikin gona. Ana buɗe lakwal a Oktoba, ana cikin girbi. Ana rufewa a Yuni, ana cikin shuka. Mu yi lissafi. In yaro ya rasa wata 1 a farko da wata 1 a ƙarshe, ya rasa wata 2 a shekara. Cikin shekara 6 ya rasa wata 12. Shekarar karatu kuwa wata 9 ce. Ke nan ya yi asarar fiye da aji guda. Yaro ya taimaka a gona da maraice da ranakun hutu, amma kada a cire shi daga aji.

Na biyu, ci-rani. Uba ya tafi Najeriya, ko Libiya, ko Aljeriya, ko wajen haƙar zinariya. Gida ya rage daga uwa sai tsoffi. Kafin ka tafi, ɗan uwa, ka je da ƙafarka wajen darakta. Ka nuna masa wanda ka bar wa amanar yaranka. In ka kira waya, kada ka tambayi lafiyar awaki kaɗai. Ka tambayi karatu.

Na uku, auren wuri. Binciken da aka yi a ƙasarmu a 2012 ya nuna mata 3 cikin 4 an yi musu aure kafin su cika shekara 18. A watan Disamba na 2017 gomnati ta sa hannu a kan doka ta kare ɗiya mace mai karatu da taimaka mata ta ci gaba. Amma doka a takarda take, shawara a tsakar gida ake yin ta, kuma uwa da kaka da goggo suna cikin masu yanke ta. Ku tuna, in mace za ta haihu, kowa na son mace ce za ta duba ta. Wannan unguwarzoma ta asibiti ɗiyar wani ce da aka bari ta yi karatu. Uwar da ta iya karatu tana karanta takardar magani, tana duba littafin ɗanta. Abin da ta samu, har jikokinta za su ci.

ƊAN LISSAFI

Mu ɗauki misali. Gari yana da gida 80. Bayan girbi kowane gida ya ba da tiya 2 ta hatsi. An samu tiya 160. In ana sayar da tiya dala 100, tiya 2 jaka 1 ke nan. Gida 80 sun tara jaka 80. In aka adana hatsin har bazara, kuɗinsa na iya ƙaruwa. Da wannan ana iya sayen alli, da tabarmi, da fitilun karatun dare, ko a biya magini.

Amma a kiyaye abu biyu. Wannan gudummawa ce, ba haraji ba. Kada a kori ɗan talaka ko maraya don gidansu bai kawo ba. Kuma duk abin da ya shiga da abin da ya fita a rubuta shi, a karanta gaban jama'a. Inda ba rubutu, zargi ke shiga. Inda zargi ya shiga, gayya ta mutu.

AIKINKU, ƳAN YAƘI DA JAHILCI

Ku ne a tsakiya. Kuna jin maganar tsoffi, kuna kuma gane abin da ke cikin littafi. Ga abin da kowa zai iya yi tun daga yau:

Ka ce wa ɗanka ya nuna maka littafin rubutunsa kowane dare. Ko ba ka jin faransanci, ka iya lambobi. Duba kwanan wata, za ka san ko ya je makaranta yau. Duba makin da malami ya sa.

Ki zauna da naki littafin kusa da ɗiyarki, fitila guda ta ishe ku. Yaron da ya ga uwarsa na karatu ba sai an kore shi zuwa lakwal ba.

Ku je taron kojes. In ana neman magatakarda ko ma'aji, kada ku ɓuya. Don irin wannan rana kuka koyi rubutu da lissafi.

Ku sayi littafi guda na gida. Ku rubuta sunan kowane yaro da ranar haihuwarsa. Ku zauna da tsoffi ku rubuta sunayen kakanni, da asalin gida, da iyakar gonaki, da tatsuniyoyin da suka sani. Tsoho in ya tafi, da abin da ke kansa yake tafiya.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A CIBIYA

1. Wace shekara aka buɗe lakwal a garinku? Su wa suka fara shiga, ina suke yau?
2. A gidanku, wa ke yanke shawarar sa yaro makaranta?
3. Azuzuwa nawa ne na gini, nawa ne na kara?
4. Ɗiya mata nawa suka shiga aji 1 shekara 6 da suka wuce? Nawa suka kai aji 6? Ina sauran?
5. Yaushe kojes ɗinku ya yi taron gari na ƙarshe? Kun je?

Ku tattauna, ku rubuta amsoshinku, ku ba malamin cibiyarku ya aiko mana. Za mu buga wasu a fitowa ta gaba.

Kakanninmu sun ɓoye ƴaƴansu don suna son su. Mu ma don muna son namu za mu kai su, mu kuma bi su da ido har su gama. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu damina mai albarka. Amin.